Motar da Kaza Ta Kasa Shiga Ƙarƙashinta

Asabar ta uku ke nan Gavril yana zarya kasuwar motoci ta Suceava, kuma mota ta goma sha ɗaya ke nan da Nash Nichifor ya kashe masa da baki. Tsohon ya ɗora ɗan abin awon fentinsa a ƙofar baya, ya leƙa lambar da ta fito, ya taɓe baki kamar an ba shi miyar da ta kwana.

"An shafe ta da sabon fenti," in ji shi. "Mu yi gaba, ɗana."

"Nash, ƙofa ɗaya ce fa."

"Ƙofa ɗaya ka gani. Wanda ya shafe ƙofa, ka san abin da ya binne a ciki?"

Gavril ba shi da yadda zai yi. Nichifor ne ya riƙe musu kyandir a coci ranar da ya auri Saveta, shi ya tsaya musu a matsayin uba, kuma tun ranar ya zama nash ɗinsu har kabari. Nash ba a yi masa musu. Ba a raɗa wa yaro suna bai sani ba, ba a ɗora rufin gida bai zo ya duba ba, balle a ce sayen mota. To shi wannan nash ɗin, don ƙarin jaraba, ya taɓa yin shekara biyu a garejin gyaran jikin mota tun Gavril yana rarrafe, shi ke nan ya zama malamin motoci na ƙauyen gaba ɗaya. Wani jikansa ya aiko masa da abin awon kaurin fenti daga Jamus, ɗan ƙarami kamar kwalin ashana, ya raɗa masa suna likita. Tun daga nan babu wanda ya sake sayen mota a ƙauyen cikin kwanciyar hankali.

Shi kuwa Gavril ba fenti ya zo saya ba. Gidansu ne na ƙarshe a kan tudun Runc, inda hanya take ƙarewa daji ya fara, kuma kafin ka taka kwalta sai ka gangara kwari ka sake haurawa. Kullum sai ya yi kilomita talatin zuwa kamfanin kujerun da yake aiki a birni. Litinin, Laraba da Juma'a kuma yakan tafi da mahaifiyarsa Paraschiva, ya ajiye ta a asibiti a yi mata wankin ƙoda. Bara tsohuwar motarsa, mai ja da tayoyin gaba kawai, ta maƙale a kwarin sau biyu cikin dusar ƙanƙara. A na biyun ƙafafun tsohuwar suka kumbura, numfashi ya gagare ta, sai da ta kwana huɗu a gadon asibiti.

A barandar asibitin ne yayarsa Rodica ta tare shi. Ita a birni take, a bene hawa na huɗu, kuma mace ce da ba ta maimaita magana.

"In aka sake ko sau ɗaya, Mama ta dawo wurina," ta ce. "Ba shawararka nake nema ba."

Da aka faɗa wa tsohuwar, sai ta juya fuska bango. Shekara hamsin da ɗaya tana gidan nan na Runc. A nan ta haife su, a nan ta rufe wa mijinta ido, kuma ta san kowace kaza da sunanta.

"A can ko ƙasa ba a takawa," ta ce. "In kun kai ni, kun kai ni ke nan."

Daren da aka sallamo ta, Gavril ya tsaya gaban hoton Maryamu da ke kusurwar ɗakinta ya yi wa mahaifiyarsa alkawari. Kafin wani hunturun zai sayi mota mai ja da taya huɗu, kuma babu mai fitar da ita daga gidanta.

Wannan ita ce maganar da kowa ya sani. Akwai wata kuma da bai faɗa wa kowa ba. Shekara goma sha biyu ya yi a Italiya a durƙushe, yana shimfiɗa tayil a gidajen mutane, gwiwoyinsa har sun yi kanta. Daga inda yake durƙushen yakan hango 'ya'yan masu gida suna shigowa da irin motocin nan na tsere, 'yan ƙasa-ƙasa, masu gurnani tun kafin a taka su. Ya sha faɗa wa ransa cewa wata rana shi ma sai ya riƙe irin wannan sitiyarin. Yanzu ga shi da shekara arba'in da huɗu, ga ɗan abin da ya tara, ga kuma dalilin da babu mai iya ja da shi.

Motar da Nash ya kashe yanzun nan doguwa ce, ruwan toka, mummuna ta ƙin ƙarawa, mai kama da akurkin kaji da aka ɗora a kan tayoyi. Wani ma'aikacin gandun daji ne ya yi ta hawa. Sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka shige ta, kuma yaro zai iya rarrafawa ta ƙarƙashinta ya fita ta ɗaya gefen. Gavril ya kalle ta, ya san ta dace da Runc kamar yadda takalmin roba ya dace da taɓo. Laifinta ɗaya, an taɓa shafe mata ƙofa. A ƙasar nan kuwa gara a ce maka injin mota ya mutu da a ce an sake mata fenti, domin inji ana gyarawa, amma motar da aka shafe ta zama abin gori har ranar da za ka rabu da ita.

Suna kaiwa ƙarshen layi sai ga wata mota. Ja ce wur, doguwar hanci, a kwance kamar kyanwa tana shirin kama ɓera. Dillalin, wani saurayi mai rigar fata da ake kira Codrin, ya riga ya karanta fuskar Gavril tun daga nesa.

"Yallaɓai, kana da ido," ya ce. "Taya huɗu ke ja. Ta wani tsohon likita ce a Jamus, coci kawai yake zuwa da ita ranar Lahadi."

In ka bi ta bakin dillalan Suceava, duk faɗin Jamus babu kowa sai tsofaffin likitoci masu zuwa coci. Gavril ya san haka sarai. Addu'a kawai yake a ransa, karo na farko a Asabar uku, kada likitan Nash ya sami abin faɗa.

Nash ya naɗe hannun riga. Ya auna bonet, ya auna ƙofofi huɗu, ya auna rufi, ya auna murfin but. Ya zagayo ya sake daga farko. Ya buɗe ƙofa ya auna cikin ginshiƙi, inda ya ce nan macuta suke mantawa. Wuri ashirin da wani abu ya taɓa, lamba ɗaya take fitowa. Sai ya cire hularsa ta fatar tunkiya ya riƙe a ƙirji.

"Ɗana, shekara goma ina awo ban ga irin wannan ba. Yadda ta fito daga kamfani haka take. Ko ƙuda bai taɓa ta ba."

Suka fita gwaji. Shigarta sai da Gavril ya yi kamar zai zauna a ƙasa, Nash kuwa sai da ya yi nishi sau biyu. A bakin ƙofar kasuwa akwai wani ɗan tudun siminti da bai fi tsayin ɗan yatsa ba. Suna hawa, ƙasan motar ya ce ƙiii. Codrin ya miƙa hannu ya ƙara sautin rediyo. Gavril ya ji ƙarar sarai, har cikin haƙoransa.

"Ba ta yi ƙasa da yawa ba?" ya tambaya, a hankali, irin tambayar da mutum ba ya son a amsa masa da gaskiya.

"Yallaɓai, taya huɗu fa na ce. Bango ma in ka nuna mata za ta hau."

"Ƙasa-ƙasan ne ke riƙe hanya," in ji Nash daga baya. "Dogayen nan su ne ke kifewa."

Suka hau kwalta, Gavril ya taka totur. Motar ta manna shi a kujera, itatuwan gefen hanya suka haɗe, shekara goma sha biyu ta durƙuso ta zube daga gwiwoyinsa lokaci guda. Ya ji kamar ya yi kuka don daɗi. Da suka dawo ya waiwaya sau ɗaya ya dubi mummunar nan ruwan toka. Ya san wadda ta dace, ya kuma san wadda yake so. Amma ai Nash ya yi magana, kuma wa ya isa ya ja da nash? Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya miƙa wa Codrin hannu suka tafa.

A gaskiya ban da wannan babu abin da Gavril ya yi sakaci a kai. Ya sa mata sababbin tayoyin hunturu guda huɗu, ya canza mai, ya sayi shebur da igiya da bargo ya zuba a but. Ranar Lahadi bayan coci aka kira Fada Ilarion ya sa mata albarka. Aka buɗe ƙofofi huɗu da bonet, Fada ya tsoma damin ɗoɗɗoya a ruwan albarka ya yayyafa ciki da waje, Saveta ta ɗaura jan tuntu a madubi maganin kambun baka. Maƙwabta suka taru ana zagaya mota ana shafawa. Nash yana tsaye da likitansa yana nuna wa duk wanda ya zo lambar. Kowa ta sama yake kallonta, ko ta gefe.

Paraschiva ta fito a ƙarshe, da sandarta. Shekaru sun tanƙwara ta har ta fi ganin ƙasa da sama. Ta tsaya tana kallo, ba motar ba, wata kazarta wake-wake da take kira Pestritsa. Kazar nan ta saba, duk ranar Allah ƙarƙashin tsohuwar mota take fakewa ita da 'yan'uwanta. Ta zo da saurinta ta cusa kai ƙarƙashin sabuwar, kafaɗa ta hana. Ta ja baya, ta zagaya ta gwada ta gefe. Ta gwada ta baya. Daga ƙarshe ta girgiza jiki ta yi tafiyarta wajen rumbu.

"Auta," in ji tsohuwar, "motar taka kaza ta kasa shiga ƙarƙashinta."

Aka kwashe da dariya, har Fada. Gavril ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

"Mama, ba don kaji na saye ta ba."

"Na sani. Don ni ka ce ka saya."

Ta juya ta koma ciki. Maƙwabcinsu Toader, mai dawakai biyu da yake jan itace da su, ya matso yana sosa gemu.

"Gavril, ka tuna da doro kuwa?"

Babu ɗan Runc da bai san doro ba. In hunturu ya yi nisa, taraktocin masu jan gumagumai da dawakan Toader sukan haƙa layi biyu masu zurfi a hanya, tsakiya ta tashi kamar bayan jaki, ta haɗu da kashin doki ta daskare ta zama dutse. Gavril a kan doron nan ya girma, a kansa ya fasa haɓa yana ɗan shekara bakwai.

"Taya huɗu ke ja, Kawu Toader," ya ce a gajarce.

"To," in ji Toader. "Nawa dawakan ma ƙafa takwas ne, amma cikinsu ba ya jan ƙasa."

Nash ya ce mai doki ya tsaya a kan doki. Aka sake dariya, aka shiga ciki cin tuwon masara da cuku. Gavril bai ji ɗanɗanon komai ba, haushi ya cika shi. Mutum ya yi shekara goma sha biyu yana wahala, ranar farin cikinsa guda ɗaya kuma kaza da mai doki su ɓata masa ita.

Watan Nuwamba ya zo ya goya masa baya. Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka sama-sama, motar ta haye kwarin kamar ba ta san da shi ba. A kan kwalta kuwa ba a magana. Inda wasu ke tafiya suna ɗari-ɗari, ita tana manne da hanya, ko kwana ba ta girgiza ta. Yana isa aiki kafin kowa. Har tsohuwar ta yarda cewa kujerar tana ɗumama mata ƙugu. Ya kira Rodica da gangan ya faɗa mata minti nawa suka yi daga gida zuwa asibiti.

"Madalla," ta ce. "Hunturu bai zo ba tukuna."

Ya kashe wayar yana tsaki. Wasu mutanen ko zuma ka ba su sai sun nemi inda ƙudan ya yi harbi.

Tsakiyar Disamba aka kwana uku ana zuba dusa ba tsayawa. Ranar Litinin suka fita a kan sabuwar dusa mai laushi, gaban motar yana ture ta kamar garma, suka wuce lafiya. Da ya dawo da yamma ya ji ƙasan yana gogar wani abu a kwari, ya ƙara sautin rediyo. Ranar Talata rana ta ɗan fito dusar ta yi laushi, masu gumagumai suka wuni suna hawa da sauka da taraktoci, shi kuma ya shigo da ƙyar, motar tana kuka ta ƙasa tun daga gadar ƙauye har ƙofar gida. Saveta ta ce ko zai kai ta bakin kwalta ya ajiye tun yanzu, ya yi magana da Toader saboda gobe. Ya ce ita ma ta koma ɓangaren kaji ke nan? Ta ci gaba da yankan kabeji. Kafin wayewar gari sanyi ya sauko irin wanda ke fasa itace.

Laraba ƙarfe bakwai da rabi ne lokacin Paraschiva a asibiti. Shida da kwata suka fito, tana naɗe cikin mayafi biyu, jakarta a cinya. Gangaren farko suka sauka a hankali, ƙasan motar yana ƙara. Suna shiga kwarin, inda ramukan suka fi zurfi, aka ji wani gum, motar ta ɗan ɗaga ta tsaya cak.

Gavril ya taka totur. Injin ya yi gurnanin nan da ya saye zuciyarsa a Suceava, amma ko motsi. Ya sa ribas. Ya danna wannan maɓalli, ya danna wancan. Ya buɗe ƙofa ya leƙa. Tayoyi huɗun suna juyawa kuwa, duka huɗun, babu wadda ta yi ha'inci. A iska suke juyawa. Motar ta hau doro ta zauna a kan cikinta, ramukan sun fi ƙafafunta zurfi.

Ya ɗauko shebur. Sara ɗaya ya yi ya ji har kafaɗarsa, doron ya zama dutse. Ya sara, ya sara, ɗan ɓarɓashi kawai ke tashi. Ya tura da kafaɗa. Ya cusa rassan itace a ƙarƙashin tayoyi, suka watso masa su a fuska. A ƙarshe ya kwanta rubda ciki a kan ƙanƙara da fitilar wayarsa, ya leƙa ƙarƙashin motarsa, karo na farko tun da ya saye ta. Ko tafin hannu ba zai shiga ba.

Bakwai saura ta yi. Ya kira Nash, don ya rasa wanda zai kira.

"Ka sa giya ta biyu ka taka a hankali," in ji Nash cikin muryar barci.

"Nash, tayoyin ba sa taɓa ƙasa."

"Ikon Allah. To ka kula da sheburin nan, ɗana. Kada ka ƙarce mata jiki, fentin kamfani ne."

Gavril ya cire wayar daga kunne ya dube ta. Duk zagin da ya koya a harshe biyu ya zo masa baki. Ya haɗiye, domin nash ne.

"Na gode, Nash," ya ce, ya kashe.

Ya koma kan doron da shebur kamar mahaukaci, yana sara yana haki, hawaye na daskarewa a kumatunsa. Haushin Nash yake ji, da na Codrin, da na masu tarakta, da na tsohon likitan Jamus da bai taɓa wanzuwa ba. Amma wanda ya fi ci masa rai shi ne ƙarar nan ta bakin ƙofar kasuwa. Ya ji ta, ya san ma'anarta, ya bari aka ƙara rediyo. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Gilashin motar ya sauka kaɗan.

"Auta," in ji tsohuwar, muryarta a kwance. "Bari haka nan. Je ka kira Toader."

Kafin ya haura gidan Toader, a ɗaura wa dawakai kaya, a sauko, takwas ta wuce. Toader bai ce uffan ba game da doro, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo. Amalanken ƙanƙara ya kawo, mara taya, mai jan ƙasa a kan katako biyu, ya shimfiɗa ciyawa da bargo a kai. Shi kaɗai ne irinsa a Runc. In an yi mutuwa da hunturu, da shi ake saukar da akwatin gawa zuwa maƙabarta, kuma da shi aka sauke mahaifin Gavril shekara shida da suka wuce. Paraschiva ta tsaya ta daɗe tana kallonsa. Ta yi alamar gicciye, ta miƙa hannu aka ɗora ta.

Jar motar ta toshe hanya, don haka sai da suka zagaya ta gonar mutane, dawakai suna nutsewa har gwiwa, Gavril yana bi a ƙasa yana riƙe da ita kada ta zame. Iska tana yanka. Tsohuwar ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, tari kawai ta fara. A bakin kwalta mijin Rodica yana jira da motarsa, don Saveta ta riga ta kira su. Sha ɗaya saura suka isa asibiti. An ba wani gadonta, sai da ta jira layin rana.

Rodica tana tsaye a barandar nan ta bara. Gavril ya shirya wa faɗa, ya ma fi son a yi faɗan. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi wandonsa da ya jiƙe har ƙugu, ta miƙa hannu ta karɓi jakar mahaifiyarsu daga hannunsa.

"Gobe ka kawo sauran kayanta," ta ce. "Da hoton kusurwar ɗaki."

"Yaya, ki saurare ni. Zan sayar da ita. Akwai wata doguwa, na san inda take, ranar Asabar zan..."

"Tun Oktoba ka san inda take."

Tarakta ce ta ja motar daga kwari da yamma. Ranar Asabar ya tafi Suceava shi kaɗai, bai faɗa wa Nash ba, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. An sayar da ruwan tokar tun makonni. Likitar dabbobi ta ƙauyensu ce ma ta saya, ashe ita ce yake gani tana haye Runc da safe da shafaffiyar ƙofarta. Codrin ya ce zai karɓi jar, amma sai bazara, yanzu ba lokacin irinta ba ne.

Bai daddara ba. Ranar Lahadi ya hau benen Rodica, matakala sittin da huɗu, da tsarin da ya kwana yana shiryawa. Zai nemo wata doguwar ko a ina take, ko an shafe ta da tsintsiya. Kafin nan zai riƙa ajiye jar a bakin kwalta, Toader ya riƙa saukar da Mama. Ya tarar da tsohuwar a kujera kusa da taga, sanyin ranar ya sauka mata a ƙirji, an naɗe ta da bargo. Ta rame cikin kwana huɗu. Ta bar shi ya gama zuba duka.

"Amalanken Toader na hau shi sau ɗaya da raina," ta ce. "Saura ɗaya, kuma wannan ba sai an tambaye ni ba. Ka bar ni a nan, auta. Na gaji da zama abin ɗauka."

"Mama, na yi miki alkawari."

"Ka yi."

Hoton Maryamu yana jingine a kan firij, ba a sami inda za a kafa shi ba tukuna. Daga kicin ana jin Rodica tana wanke kwanuka da ƙarfi. Tsohuwar ta ɗan miƙa wuya ta leƙa taga. Can ƙasa, tsakanin motocin da dusa ta yi wa datti, jar motar tana ƙyalli, babu ko ƙwarzane a jikinta.

"Waccan ce taka ko?"

"Ita ce."

Ta daɗe tana kallo.

"Daga nan sama kam kyakkyawa ce," ta ce. "Ka riƙa rufe wa Pestritsa rumbu da wuri, ba ta da inda za ta fake yanzu."

Ya sauka matakala sittin da huɗun, ya shiga motar, kujera ta ɗumama masa baya. Minti ashirin da biyu ya yi zuwa gadar ƙauye, ko sau ɗaya ba ta zame ba. Ya ajiye ta a gefen kwalta, ya kulle, ya ɗaga kwalar rigarsa, ya kama hawan Runc da ƙafa a kan doro. Daga kwarin ya hango gidan. Bututun ɗakinsu yana hayaƙi, na ɗakinta babu.